Na samu lasisin ɗaukar bindiga a Texas, a ina zan dinga saka ta kuma ya zanyi da kaftani?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka in na fahimta daidai, ka samu lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga na jihar Texas, ka sayi Glock 19, kana aikin dare a gidan mai a Houston, kuma kana so ka san wane waje a jiki ya kamata ka dinga saka ta, wane irin kube zaka saya, sannan ya zakayi ranar Juma'a in ka saka kaftani. Toh bari in baka amsa a tsanake dan na daɗe ina ɗauka kuma ina koyar da sababbin masu lasisi, kuma abinda yafi damuna da mutanenmu shine mutum zai kashe dala 500 ko fiye akan bindiga sannan yaje ya sayi kuben tsumma na dala 15 yace ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya bane. Bindigar da zaka ɗauka shekara da shekaru mai yiwuwa har ka mutu baka taɓa harbin kowa da ita ba, kuma haka muke fata, amma kullum ta Allah tana manne da jikinka kana zama kana tashi kana ruku'u kana ɗaukar yaro, saboda haka haɗarin da yafi kusa da kai ba ɗan fashi bane, ita kanta bindigar ce in wani abu ya taɓa kunamarta. Duk abinda zan faɗa a ƙasa akan wannan ya ginu.

Ka fara da sanin bindigarka. Glock bata da maɓallin nan na gefe da ake dannawa a kulle ta, tsaronta yana cikin kunamar ne da kuma cikin injinta, ma'ana in ta faɗi ƙasa bazata tashi ba, amma duk abinda ya ja kunamar nan baya, yatsa ne ko igiya ko gefen riga ko makullin mota, ita bata san bambanci ba tashi zatayi. Shi yasa kube na ƙwarai dole ya rufe kunamar ruf ta ɓangare biyu da abu mai tauri wanda ko ka danna shi da yatsa bazai lotsa ba. Dole ya riƙe bindigar, ka cire harsashi ka saka ta ciki ka kife shi akan katifa ka ɗan girgiza, in ta zubo ba kube bane. Kuma dole bakinsa ya tsaya a buɗe bayan ka zare, kar ya rufe kamar safa. Wanda ya cika waɗannan shine na roba mai tauri da suke kira Kydex, wanda aka ƙera shi musamman dan samfurin bindigarka, in Glock 19 ce to na Glock 19, kar ka yarda da wanda aka rubuta wai yana ɗaukar kowace bindiga. Na fata mai kyau shima yana yi amma fata tana laushi da zufa, in ta tsufa gefenta yana iya lanƙwashewa ya shiga wajen kunama, kuma kai a Houston kake inda zufa ba'a magana. Ka ware kamar dala 60 zuwa 100, ka duba maƙalan da ke kama bel ɗin su zama masu ƙarfi, na ƙarfe sunfi, dan akwai abin kunya da yake faruwa a filin koyon harbi, mutum ya zaro bindiga ta fito tare da kuben gaba ɗaya.

Maganar soke ta a ƙugun wando haka kawai ba kube kuwa, kar ma ka fara. A watan Nuwamba 2008 wani shahararren ɗan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya soke Glock a ƙugu ya shiga gidan rawa a New York, ta zame tana gangarawa cikin wando, ya kai hannu ya cafke ta sai yatsa ya faɗa kan kunama ya harbi cinyarsa. Bayan raunin kuma kotu ta yanke masa shekara 2 a gidan yari dan bashi da lasisin New York. In bindiga ta suɓuce maka ka barta ta faɗi, kar ka cafe.

Sai bel. Glock 19 cike da harsashi 15 nauyinta ya haura gram 800, bel ɗin ado na kasuwa bazai riƙe wannan ba, zai saki mariƙin ya karkato waje shatinsa ya fito a riga, kai kuma ka wuni kana jan wando sama kana taɓa wajen, wanda shine babban abinda ke tona asirin mai ɗauke da bindiga. Akwai bel da akeyi dan wannan aikin, mai tauri, faɗin inci ɗaya da rabi. Kuma in cikin wando zaka saka kuben to wandon ya ɗara wanda ka saba sakawa da inci ɗaya ko biyu a ƙugu.

Yanzu wajen sakawa. Masu harkar suna kwatanta ƙugu da agogo, cibiya ƙarfe 12, gefen dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Waje biyu ne kawai nake ba sabon shiga shawara akai. Na farko ƙarfe 3 zuwa 4, wato gefen dama ɗan bayan ƙashin ƙugu in kai na dama ne, cikin wando. Anan bakin bindigar yana kallon ƙasa ta bayan cinya, yafi sauƙi ga mai tumbi, kuma zama dashi ba wahala. Matsalarsa in ka sunkuya mariƙin yana ɗaga riga ta baya kamar ƙaho, kai bazaka gani ba amma na bayanka yana gani, toh ka tuna mu sau nawa muke ruku'u da sujada a rana kuma a sahu akwai mutane a bayanka. Sannan a mota kujera da bel ɗin mota suna danne shi.

Na biyu shine gaba, wajen mara tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu, ƙarfe 1 kenan. Ni nan nake sakawa kuma gaskiya ga mai sallah yafi ɓoyuwa, dan in ka sunkuya riga sauka takeyi ta ƙara rufe shi, kana ganin wajen da idonka, hannunka na kusa, in wani ya rungumeka ko yaro ya ɗafe ka ta baya bazai ci karo da ƙarfe ba. Kuben gaba mai kyau yana da wani ɗan fiffike da yake tokare bel ya juyo da mariƙin ya kwanta a ciki, wasu kuma suna manna ɗan soso a ƙasan kuben ta ɓangaren jiki dan ya tura bakin bindigar waje kaɗan, waɗannan ƙananan abubuwa biyun su ne bambancin wanda shatinsa ke fitowa da wanda ko matarsa sai ta tambaya. Amma bazan ɓoye maka ba, a wannan wajen bakin bindiga yana kusa da babbar jijiyar jini ta cinya da kuma gabanka, in akayi kuskure anan mutum yana iya zubar da jini ya mutu cikin mintuna kafin motar asibiti ta iso. Kuma a sujada da zaman tahiya zakaji tana tokare ka, sai ka ɗan matsar da ita ko ka ɗaga tsayin kuben har ka samu inda ta zauna. In ka gwada iya gwadawa Glock 19 taƙi zama to ba laifi bane ka koma siririya irin Glock 43X ko SIG P365, dukkansu harsashi 10 suke ɗauka a asali kuma kaurinsu wajen inci ɗaya ne.

Sauran wuraren bazan ɓata maka lokaci ba. Tsakiyar baya a'a, ka zame a jiƙaƙƙen tayil ka faɗi akan ƙarfe daidai ƙashin baya. Na hammata irin na fim sai da kwat, kuma wajen zarowa bakin yana bi ta kan hannunka da duk wanda ke bayanka. Na idon sawu mu da muke cire takalmi muna wanke ƙafa sau biyar a rana ai ba sai na faɗa ba. Aljihu yana yi amma da ƙaramar bindiga sosai, cikin kuben aljihu, kuma aljihun nan ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba canji ba carbi.

Toh mu zo kan kaftani dan nasan nan ne ainihin tambayar. Ta fuskar ɓoyewa kaftani yafi duk wata rigar Bature, musamman shadda mai sitati da take tsayawa da kanta bata bin jiki, ko wace bindiga ka saka a ƙasa ba mai gani. Yadi mai santsi mara nauyi shine yake kwanciya ya nuna shati, balle in iska na kaɗawa ko ɗinkin ya matse irin na samarin yanzu. Amma kaftani yana da matsala biyu. Ta farko wandonsa zariya gareshi, ba wajen bel, kuma zariya bazata taɓa riƙe nauyin nan ba, zata ja wandon ƙasa kuma in ka zaro kuben ya biyo. Mafita ko dai ka kai wa tela ya ɗinka maka wandon da madaukan bel kamar wandon Turawa, faɗin da bel ɗinka zai shige, ba sai ka gaya masa dalili ba, ko kuma ka sayi irin kuben da yake da nasa ɗamarar da ake ɗaurawa a jiki kai tsaye ba ruwansa da wando. Akwai wani da kamfanin PHLster yake yi sunansa Enigma, kuben Kydex ne akan faranti da ɗamara da wata igiya da ke zagaya cinya dan kar ya taso sama, dan masu wandon motsa jiki da mata masu siket aka yi shi amma kamar dan mu akayi, har da jallabiya yana yi. Ɗamarar roba mai laushi ta ciki da ake sayarwa da arha kuwa, in bata da kube mai tauri a cikinta ka barta, ta cikin robar ana iya danna kunama.

Matsala ta biyu tsayi. Rigar Bature da hannu ɗaya zaka ɗaga ta, kaftanin da ya wuce gwiwa kuwa sai ka tattaro shi, kuma ya zama ka san haka tun yanzu ba ranar da Allah ya kiyaye ake buƙata ba. Wanda ya tsaya a cinya ko daidai gwiwa mai tsaga a gefe yafi sauƙi, ka kama gefen da hannun hagu ka ja shi sama har ƙirji sosai sannan dama ta kama mariƙi. Wasu suna sa tela ya buɗe cikin aljihun gefe ya zama hannu na shiga kai tsaye zuwa ƙugu kamar yadda wasu jallabiyoyi suke zuwa, yana aiki amma fito da bindiga ta ramin aljihu tana iya maƙalewa, sai ka gwada da wadda ba harsashi ka gani. Babbar riga kuma gaskiya ranar Idi in ka saka ta ka sani cewa ɓoyewa kam ta ɓoyu amma isa gareta da sauri babu, ka yarda da hakan kawai ko ka barta a gida a kulle.

Ga wajen da nafi so ka buɗe kunne. Mafi yawan harbin kai da nake jin labari a wannan harkar ba wajen zarowa yake faruwa ba, wajen mayarwa ne. Mutum ya gama atisaye yana sauri ya tura bindiga cikin kube, ashe bakin singileti ko igiyar jaket ta shiga ciki, yana turawa tsumman yana jan kunama. Mu kuma kayanmu duk tsumma ne mai yawo, ga bakin zariya yana lilo daidai wajen mara, ga gefen kaftani. Dan haka zariya ka ɗaure ka cusa bakinta can ɓangaren hagu cikin wando. In zaka mayar ka tattare riga sama, ka kalli cikin kuben da idonka, yatsa a miƙe a jikin bindiga nesa da kunama, in a gaba take ka ɗan turo ƙugu gaba ka jingina baya dan bakin ya kauce wa jikinka, sannan a hankali. Kaji ta tokare da wani abu, tsaya, fito da ita ka duba. Ba wanda ya taɓa cin kyauta dan ya riga kowa mayar da bindiga kube. Mafi kyau ma da safe ka saka bindigar cikin kuben tun yana hannunka sannan ka maƙala su tare a ƙugu, da dare ka cire su tare, kaga a rana ɗaya hannunka bai kusanci kunama ba ko sau ɗaya. Kafin ka fara fita da ita kayi kwanaki kana yawo da ita a gida ba harsashi, harsasan ma a wani ɗaki daban, kayi sallah da ita, ka zauna a mota, ka sunkuya gaban madubi, anan zaka gane gyaran da kuben yake buƙata.

Masallaci. A dokar Texas tun Satumba 2019 wuraren ibada sun zama kamar kowane waje mai zaman kansa, mai lasisi zai iya shiga da ita sai dai in masu wajen sun hana, da allo ko da baki. Toh ka tambayi kwamitin masallacinku a keɓe, in sunce a'a shikenan a'a ne, wasu masallatan suna da nasu tsarin tsaro kuma suna so su san waye ke ɗauke da me. Addininmu ma bai bar wannan ba, Annabi SAW ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu kar ya ji wa wani Musulmi, kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Kube mai rufe kunama shine riƙe tsinin kibiya na zamaninmu. Wajen alwala ka lura da sunkuyawa wanke ƙafa in a gefe take. Banɗaki kuma nan ne mutane suke cire bindiga su ɗora akan tankin ruwa su fita su manta, har jami'an tsaro yana faruwa dasu, kar ka cire ta daga kube kuma kar ka ajiye ta a wani waje, ka sauke wandon zuwa gwiwa ka riƙe bel ɗin a ɗaure ko ka ware gwiwa ya tokare.

Kayan yau da kullum ba wuya, riga mai ɗan sakewa, mai duhu ko mai zane tafi fara sumul, ka saka singileti a ciki dan roba kar ta goge maka fata kuma zufa kar ta dinga jiƙa ƙarfen. Duk sati ka cire ka goge, zakayi mamakin ƙurar tsumma da take taruwa. Kuma ka daina taɓawa. Sabon mai ɗauka gani yake kowa na kallonsa, wallahi ba mai kallonka, kowa wayarsa yake kallo. Wajen aikinka kuma ka duba ƙa'idarsu, kamfanoni da yawa sun hana ma'aikaci ɗauka a bakin aiki ko da yana da lasisi, haka Uber da Lyft sun hana direbobinsu, doka bazata kama ka ba watakila amma aikin zai tafi.

In uwargida ce zata ɗauka ko kai kana tunanin jaka, ina roƙonka kayi tunani sau biyu. Jaka ana ajiye ta. A Disamba 2014 a jihar Idaho wata uwa mai lasisi tana sayayya a kanti, ɗanta ɗan shekara 2 yana zaune a keken kaya ya zuge jakarta ya taɓa bindigar ta tashi ta sami uwar, nan take ta rasu. A gida ma in ba a jikinka take ba to tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, a Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gareta, kuma gidajenmu ka sani yaran baƙi basa yankewa.

'Yan sanda in sun tsayar da kai a mota, ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannu biyu akan sitiyari. A Texas in ɗan sanda ya nemi shaidarka kana ɗauke da ita sai ka haɗa masa da katin lasisin. Ka faɗa masa da baki kana da lasisi kuma tana waje kaza, ka tambayeshi ya yake so kayi, kar hannunka ya motsa sai yace. Mu baƙaƙen fata ne kuma harshenmu da ji an san baƙi ne, dole mu faɗa wa juna gaskiya. Philando Castile a Minnesota ranar 6 ga Yuli 2016 yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sandan yana da bindiga, cikin daƙiƙu aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Shi yasa walat ɗina baya zama a aljihun da ke ɓangaren bindiga, kuma takardun mota suna sama wajen makarin rana inda hannu bazai gangara ƙugu ba.

Alluna kuma ka koyi karanta su. Mai lamba 30.06 ya hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiya, 30.07 na masu ɗauka a fili ne, jan allon 51% na mashaya ne kuma shiga nan babban laifi ne. Kotu, rumfar zaɓe, makaranta, gidan waya da duk ginin gwamnatin tarayya, ka barta. Lasisinka na Texas baya aiki a New York ko New Jersey ko Illinois ko California ko Maryland, in zakaje Bronx a New York wajen 'yan'uwa biki ko suna kar ka kuskura, in aka kama mutum da bindiga mai harsashi ba lasisin can, laifi ne da mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 3 da rabi. Sannan kar ka ara wa kowa, musamman ɗalibi ko baƙon da ya shigo da bizar ziyara, dokar tarayya ta hana masu irin wannan bizar riƙe bindiga sai da wasu 'yan keɓantattun sharuɗa, wanda takardunsa suka ƙare kuwa babu ma maganar, zaka jefa shi ka jefa kanka.

In zaka tafi gida hutu kuma ka zazzage jakunkunanka tas, kowane zif kowane lungu. A shekarar 2023 kaɗai jami'an binciken filayen jirgin Amurka sun kama bindiga 6,737 a wajen bincike, kusan duka da harsashi a ciki, kuma yawanci mantuwa mutum zai ce. A Najeriya fistol, wato ƙaramar bindiga irin taka, tana cikin makaman da dokar 1959 ta haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, katin Texas ba abinda zai maka a filin jirgin Kano ko Abuja, harsashi ɗaya da ya maƙale a ƙasan jaka ya isa ya ɓata maka tafiyar. Ka ware jaka ɗaya ta zuwa filin harbi kawai, kar ta taɓa zama jakar tafiya.